Baƙuwar da ta tashi da yunwa a bikin Rumbu

 Yau ban zo muku da zancen farashin tiyar hatsi ko na albashi ba. Zancen wata ƴar yarinya ne da na gani zaune a bakin tabarma, kwano cike a gabanta, kiɗa na tashi, tsararrakinta na lasar yatsu, amma ita ta koma gidansu ba ta sa kome a ciki ba sai ruwan zoɓo. Wani zai ce wannan ai ba ta kai maganar jarida ba. Ni kuwa na ce ta kai, domin duk gidan da aka kira baƙo ya tashi da yunwa, akwai abin da ya kamata a zauna a duba, ko da baƙon nan bai wuce shekara 8 ba.

Abin ya faru a Rumbu, cikin ƙasar Dakoro, can wajen kwarin Tarka inda gonar manomi take ƙarewa makiyayar Bafillace da Ba'abzine take farawa. Na je ganin wani ƙanen abokina, mushen lakol ne da aka tura aiki can, sai na tarar ana shirin bikin cikar ɗansa shekara 7 da haihuwa, wato abin da ƴan boko ke kira aniberser. Kowa ya san wannan al'ada ba gadonmu ba ce. Bikin da muka sani na yaro shi ne suna, ranar bakwai, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski. Sai kuma saukar karatu in ya girma. Da yawa daga cikinmu ma da muke karanta wannan shafi, in aka buɗe takardunmu, «né vers» za a gani a rubuce, wato an haife shi wajejen shekara kaza, to wanda bai san shekarar ba ina zai san ranar? Amma ƴaƴanmu an haife su a gidan likita, an rubuta rana da wata, kuma ma'aikata da ƴan kasuwa sun ɗauko al'adar daga Yamai da Maraɗi sun kai ta har ƙauye. Ban zo yin gardama a kan dacewarta ko rashin dacewarta ba, wannan na bar wa malamai da iyaye. Ana yi, kuma tun da ana yi, sai a yi shi yadda ba a wulaƙanta ɗan kowa ba.

Madam, uwargidan mushen, ta yi ƙoƙari iyakar ƙoƙari, Allah ya saka mata. An yanka kaji an soya, an dafa taliya da jar miya mai naman akuya, an tsaga burodi an zuba sardin, ga gato da aka yi saƙonsa daga Dakoro a bayan babur ya iso da ɗan gefensa a murƙushe. Yara sun fi 20: ƴan ajin mai biki, ƴaƴan sauran ma'aikata, da ƴaƴan maƙwabta waɗanda ba sai an gayyace su ba. Da aka raba abinci sai yarinyar nan, ɗiyar wani ma'aikacin lafiya, ta ture kwanonta a hankali ta sunkuyar da kai. Madam ta zo ta ce, «Ɗiyata, mi ya faru?» Yarinya ta ce, «Inna, ba ni cin nama.» Madam ta sa cokali ta tsince tsokokin ta mayar a tukunya, ta ce, «To ga shi na cire, ci abinki.» Yarinya ta kai loma kusa da baki, ƙarnin romo ya buge ta, ta ajiye. Nan fa mata suka sa dariya. Wata ta ce ƴar Nasara ce, wata ta ce iska ne a kai ta wurin malam a yi mata rubutu, wata tsohuwa kuma ta ce a zamaninsu yaron da ya ƙi abinci bulala ke buɗe masa ciki. Yarinya ba ta yi kuka ba, amma daga nan ba ta ƙara ɗaga kai ba har aka watse.

Daga baya ubanta ya ba ni labari. Shekara biyu da suka wuce ita ce ke ba ragon layyarsu dusa da harawa, ta sa masa suna, yana bin ta har bakin ƙofa. Ranar Babbar Salla aka yanka shi a gabanta. Tun ran nan ko ƙanshin suya ta ji sai zuciyarta ta tashi. An lallashe ta, an yi mata faɗa, an taɓa ɓoye mata niƙaƙƙen nama cikin miya ta gane ta yi amai, ta kwana biyu ba ta yarda da girkin uwarta ba. Da suka gaji suka ƙyale ta. Tana shan nono, tana cin ƙwai da wake, kuma ni dai da idona na gan ta, ba ta fi tsararrakinta rama ba.

Ba ita kaɗai ba ce a tabarmar. Akwai wani yaro Ba'abzine, ɗan ajin mai biki, wanda ya karɓi cinyar kaza da hannu biyu don ladabi, ya riƙe ta har ta huce, sa'an nan ya miƙa wa na kusa da shi a ɓoye. Burodin ma gefen da sardin bai taɓa ba ya gutsura. Shi yana cin naman rago da na akuya, amma Abzinawa da yawa, musamman na daji, tun kaka da kakanni ba su cin kaza da ƙwai da kifi, ko da yake na birni sun fara sakin wannan. Bai ce wa kowa kome ba, kuma ba wanda ya lura sai ni da nake zaune ba aikin yi. Mutumin da ke cin kasuwar Sakabal tare da iyayen yaron nan shekara da shekaru ya kamata a ce ya san wannan, amma mushen baƙo ne daga kudu, ba wanda ya gaya masa.

To me ya sa abin ya zama abin dariya? A ganina dalilin yana cikin karin maganar nan tamu da ke cewa tuwon girma miyarsa nama. A wurinmu nama shi ne ma'aunin karamci. Baƙo ya zo, a kama kaza. Mai jego, a yi mata kauri. Mai kuɗi, a gane shi a bakin tukubar mai tsire. Ganye kuwa da wake suna ɗauke da tabon wahala. Wanda ya ga 1973 da 1974, ya ga yunwar 1984 da mutanenmu suka laƙaba wa El-Buhari, ya kuma ga 2005, ya san lokacin da tafasa da jiga da anza suka zama abincin dole a ƙasar Dakoro. Irin wannan mutum in ka ce masa ya ajiye kwaɗon ganye a gaban baƙi ranar farin ciki, gani zai yi ka ce ya tallata talaucinsa. Shi ya sa uwar biki ta gwammace ta ci bashi ta sayi kaji da ta soya ƙosai, kuma shi ya sa wanda ya ƙi naman ake ganin kamar ya raina gidan. Yarinyar nan kuwa ba ta raina kowa ba, cikinta ne bai karɓa ba.

Kuma kada mu ɗauka ƙin wani abinci baƙon abu ne da ya zo daga Turai. Tsofaffin Gobir da Katsina sun san abin da ake kira kan gida, wato dabbar da wani dangi ba ya ci, ko da maƙwabtansa na ci. Fulani makiyaya da ke wuce mu zuwa Bermo da Gadabeji, masu garken shanu, sukan yi watanni ba su yanka ba sai in suna ko wani taro ya kama; fura da nono ne abincinsu, kuma su ne ke tafiyar da mu ƴan ofis ba mu iya rabinta. A ɓangaren addini ma, malamai na kawo labarin ranar da aka ajiye wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo, ya janye hannunsa bai ci ba. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, aka nuna masa ba haramun ba ne, abin dai ba na ƙasar mutanensa ba ne kuma ransa bai so, Halidu ya jawo ya ci a gabansa. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu. Wanda ya ce nama haramun ne, wannan maganarsa daban, malamai za su ba shi amsa. Amma wanda ya ce ransa ne bai so, yana da inda zai jingina.

A wasu ƙasashe abin ya wuce ɗabi'ar mutum ɗaya. Faransawa na kiran mai ƙin nama da kifi bejetariyan, kuma a Ingila masu wannan ra'ayi sun kafa ƙungiyarsu tun 1847. A Indiya, wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 na manya sun ce ba su cin nama, kuma doka ta sa a buga koren ɗigo a jikin kwalin abincin da babu nama ciki don mai saye ya gane. Alhazanmu da ke hulɗa da Indiyawan Kano ko masu zuwa Dubai sayen kaya sun sha zama da irin waɗannan mutane a teburi ɗaya, kuma ban taɓa jin wanda ya yi wa abokin cinikinsa dariya don ya ƙi tsire ba. Ashe mun iya girmama wannan ɗabi'a in mai ita yana da kuɗi. Ƴar shekara 8 ce kawai ba mu iya girmama wa ba.

Amma fa akwai ɗaya gefen tabarmar, kuma in na ɓoye shi ban yi adalci ba. A daidai lokacin da yarinyar ke ture kwano, ƴaƴan maƙwabta na tauna ƙashin kaza har ɓargo, wani ma ya sa ƙashin a aljihu. Waɗannan su ma ba su cin nama, amma ba don sun ƙi ba. Daga layya sai suna, sai irin wannan rana. A ƙauyukanmu marasa cin nama na dole sun fi na ganin dama yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka in wani ɗan boko ya karanta wannan shafi ya ce to daga yau a daina yanka kaza a bikin yara, a ba kowa ganye kamar yadda ya ji ana yi a Turai, ni ba ni tare da shi. Yaron da jininsa ya yi ƙasa, wanda tuwo da miyar kuka ne abincinsa safe da dare, tsokar nan ɗaya tana da amfani a jikinsa, domin sinadarin ƙarfe da ke cikin nama da hanta ya fi saurin shiga jini a kan na ganye. Cire nama daga bikin don mutum ɗaya zalunci ne ga goma sha tara. Abin da ake nema tukunya ta biyu ce, ba kifar da ta fari ba.

Tukunya ta biyun nan kuwa ba sai an je kantin Yamai ba, tana cikin rumbunmu, kuma sunan garin ma kansa ya isa ya tuna wa mutum. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, Nijeriya kaɗai ke gabanta a yawancin shekaru, amma mun fi ganinsa a matsayin buhun da za a loda a mota a kai Jibiya ko Dawanau. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kuma in aka haɗa shi da gero ko shinkafa, abin da ɗaya ya rasa ɗayan na cikawa. Iyayenmu da suka haɗa shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, ba su karanta wannan a littafi ba amma sun dace. Wane yaro ne zai ƙi ƙosai mai zafi da ɗan yaji? Wane ne zai ƙi ɗan wake da mai da dafaffen ƙwai a kai, ko alala, ko waina da miyar taushe? Ga awara, wadda asalinta daga Sin ne amma ta shigo mana ta Nijeriya ta zama ƴar gida, har yaran Maraɗi na kashe kuɗin tararsu a kanta a bakin lakol. Ana yin ta da waken suya, a jiƙa, a niƙa, a tace, a tafasa ruwan, a zuba ruwan tsami ya kama, a matse a yanka a soya. In aka soya ta da albasa da tattasai aka jera a faranti, na yi imani sai masu cin kaza sun miƙo hannu. Ga dambu da zogale, wanda wasunmu ke kira tamaka, da ake kawowa busasshe daga lambunan Jiratawa, a zuba ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ga kuma cuku, wanda a ƙasar Dakoro ba sai an neme shi da nisa ba, kuma da an ajiye shi da dabino a gaban yaron nan Ba'abzine da ya ji kamar a gidansu yake.

Masu shakkar ko yaro na iya ƙoshi ya yi ƙarfi ba nama, su tuna da 2005. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, har da cibiya a Dakoro. Abin da aka tashe su da shi, wato Plumpy'Nut, gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da bitamin, babu tsoka ko ɗaya a ciki. Sai dai a lura da kalmar madara. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, ba a samun sa a hatsi ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba: nama, kifi, ƙwai, nono. Yaron da ya ƙi nama amma yana shan nono yana cin ƙwai, da sauƙi. Wanda ya ƙi su duka, wannan iyayensa su kai shi wurin likita a ba su shawara, ba maganar biki ba ce kuma. A nan ne ma tsohon camfin nan namu na cewa yaron da ke cin ƙwai ɓarawo zai zama yake yin ɓarna, domin yana hana yaro abin da ya fi araha cikin masu gina jiki. Kuma in an ba yaro wake ko zogale, a haɗa masa da tumatir ko a matsa lemun tsami, yana taimaka wa ƙarfen shiga jini. Shayi kuwa a kan abinci hana shi yake yi.

Inda mata suka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya, shi ne wajen tsince nama daga miya. Miyar da aka dafa da nama, naman ya riga ya narke a cikinta, romonsa da kitsensa suna nan. Haka man da aka soya kaza a ciki in aka juya aka soya ƙosai, haka dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza, haka garin busasshen kifi da ake barbaɗawa a miya ba a ma ɗauke shi kifi ba, haka ludayi ɗaya da ke yawo tsakanin tukwane biyu. Dabarar ba ta da wuya: a soya na wake da fari cikin sabon mai kafin a sa kaza, a ɗebi jar miya a ƙaramar tukunya tun kafin a zuba nama, a ɗanɗana ta da daddawa da albasa. Abin da ya fi muni shi ne a yi wa yaro ƙarya a ce babu alhali akwai. Babba ya ga kamar wayo ya yi, amma ran da yaron ya gane, ya daina yarda da hannun da ke ba shi abinci, kuma kun ji yadda ta kasance a gidan yarinyar nan.

Kuma kada a ware shi. In aka kawo ƙaramin kwano daban aka ajiye a gaban yaro ɗaya ana cewa ga na wadda ba ta cin nama, an ciyar da shi amma an tsayar da shi tsakiyar kasuwa. Gara a yi ƙosan da awarar da yawa a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba, kazar kuma a bi da ita hannu hannu, wanda ya so ya karɓa wanda bai so ba a wuce shi ba tare da magana ba. Ta fuskar aljihu ma wannan ya fi sauƙi, kowace uwargida ta san yawan bakin da tiyar wake ɗaya ke ciyarwa in aka kwatanta da kaza ɗaya. Tun da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa sun shigo zancen, sai a ƙara da cewa akwai yaran da jikinsu bai karɓar gyaɗa, su yi ƙuraje ko kumburi ko numfashi ya sarƙe, wannan kuwa gaggawa ce ta gidan likita. Kuma ƴan ƙasa da shekara 5 ba a ba su gyaɗa ƙwaya-ƙwaya a wurin wasa da guje-guje, don tana iya shaƙe su.

Duk wannan tambaya ɗaya ke magance shi tun kafin ranar. Mai gayyata ya ce wa uban yaro, «Malam, akwai abin da ɗanka ba ya ci?» Mu Hausawa muna jin nauyin wannan tambaya, kamar za a ce muna ƙididdige abin da za mu bayar, iyayen yaron kuma suna jin kunyar faɗi don kada a ce sun kafa sharaɗi a gidan mutane. Uban yarinyar nan ma'aikacin lafiya ne, yini yake yana gaya wa mata abin da za su ba ƴaƴansu, amma kunya ta hana shi aika wa Madam kalma ɗaya. Laifin bai tsaya a gidan mushe ba, rabinsa nasa ne, kuma na gaya masa haka.

Da dare bayan an watse, muna zaune a ƙofar gida muna shan shayi, na ba mushen labarin yaron da ya riƙe cinyar kaza har ta huce. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, «Yaya, wallahi shekara biyu yaron nan yana ajina ban sani ba.» Ya leƙa cikin gida ya gaya wa Madam. Washegari da safe, kafin in hau motar Dakoro, na ga ta jiƙa wake a ƙwarya, ta aiki mai bikin ya kira mata yaran nan biyu in an tashi daga lakol.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.